WA YA HALICCI DUNIYA? NASIHA GA MATASHIN DA AKA TARE DA TAMBAYA

Dukkan yabo da godiya na Allah ne, wanda Ya ba mu hankali, kuma Ya aiko mana da Manzanni. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana matashi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani dattijo da ya same ni bayan sallar isha'i, ransa a ɓace. Ɗansa ne ya dawo hutu daga jami'a, suna zaune suna cin tuwo sai yaron ya ce, "Baba, idan Allah ne Ya halicci komai, to Shi wa ya halicce Shi?" Dattijon ya ce bai san lokacin da ya kwaɗa masa mari ba. Tun daga ranar yaron bai sake yin tambaya ba. Amma kuma tun daga ranar ba ya salla sai in ya ga idon mutane a kansa.

To ka gani. Mari ya rufe bakin yaron, tambayar kuwa tana nan cikin ƙirjinsa tana cinsa. Kai ma wata rana za a tare ka da irin wannan magana, ko a aji, ko a majalisar shayi, ko cikin wayar da ke hannunka, ko kuma zuciyarka ce za ta raya maka ita tsakar dare. Saboda haka ya kamata ka san hujjojin da malamai suka kafa a kan samuwar Mahalicci, ka san abin da masu musu suke cewa, kuma ka san inda kowace hujja ta tsaya.

TAMBAYA BA KAFIRCI BA CE

Ka sani, Allah Ya yi maka jagora, wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba da labarin Shaiɗan zai riƙa zuwa wa mutum da tambayar wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai shi ga tambaya game da Ubangijinsa, kuma ya umurci wanda hakan ta same shi da ya nemi tsarin Allah, ya tsaya nan. Haka nan a Muslim, wasu sahabbai sun kawo kuka cewa suna jin abubuwa a zukatansu waɗanda suke ganin girman furta su. Bai kore su ba, bai ce sun yi ridda ba. Sai ma ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani.

Watau mutum iri biyu ne. Akwai mai waswasi, wanda tunanin yake faɗo masa yana ƙinsa. Maganinsa neman tsari da barin tona abin. Akwai kuma wanda shubuha ta shige shi, ya ji wata magana ta zauna masa daram. Wannan maganinsa ilmi ne da bayani. Alƙur'ani da kansa cike yake da muhawara. Dubi Suratul Baƙara aya ta 258, inda Annabi Ibrahim ya ƙure sarkin da ke da'awar rayarwa da kashewa, ta hanyar neman ya fito da rana daga yamma. Ba zagi ya yi ba, hujja ya kawo.

HUJJA TA FARKO: FARARRE YANA BUKATAR MAI FARAR DA SHI

Jubairu ɗan Muɗ'im ya zo Madina a kan batun fursunonin Badar, a lokacin bai musulunta ba. Sai ya ji Annabi yana karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba. Da aka kai aya ta 35 da abin da ke bayanta, ya ce saura kaɗan zuciyarsa ta tashi sama. Me ke cikin ayoyin? Sun ajiye wa ɗan Adam zaɓi ne, suka ce ya ɗauka.

Bari mu gwada a kanka. Shekara ɗari da suka wuce babu kai, yau ga ka. Ɗayan uku ne: ko dai babu ce ta samar da kai, ko kai ka samar da kanka, ko wani ne ya samar da kai. Babu ba ta iya yin komai, domin ba wani abu ba ce balle ta yi aiki. Kai kuma ba ka iya samar da kanka, domin sai ka kasance kana nan tun kafin ka kasance, wannan kuwa ko yaro ya san wasa da hankali ne. Saura na uku. Idan ka ce iyayena ne, to su ma tambayar tana kansu, haka kakanninsu, haka ƙasa da ruwa da rana.

Malaman ilmin kalam sun tsara wannan a taƙaice: duk abin da ya faru bayan babu shi, yana da mai farar da shi, duniya fararriya ce, saboda haka tana da Mai farar da ita. Imamul Gazali, wanda ya karantar a Bagadaza kuma ya rasu a 1111 Miladiyya, ya tsaya a kan wannan hujja, ya rubuta Tahafutul Falasifa yana raddi ga mabiya Aristo da ke cewa duniya ba ta da farko.

Yau masana taurari sun fi kusa da Gazali a wannan gaɓa. A 1927 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana buɗewa. A 1929 Edwin Hubble na Amurka ya fitar da awon da ke nuna gungun taurari suna nesanta da mu, kuma mafi nisansu ya fi gudu. A 1965 wasu masana biyu, Penzias da Wilson, suka bayyana gano ragowar ɗumin wancan farkon lamari, ya cika ko'ina a sama. Ƙiyasin da ake kai yanzu shi ne wajen shekara biliyan 13.8 ke nan da soma wannan buɗewa.

Amma fa ka yi hattara, kada ka rataya imaninka a ƙusar kimiyya. Abin da suka tabbatar shi ne a da duniya tana cure, da tsananin zafi, sannan ta buɗe. Abin da ke gaban wannan, lissafinsu bai kai ba, kuma suna saɓani a kansa. Shi kansa Lemaître bai ji daɗi ba da Fafaroma ya ɗauki bincikensa a matsayin shaidar halitta a 1951. Kimiyya takan gyara maganarta, haka aikinta yake. Ka ɗauke ta abin ƙarfafawa, ba harsashin gini ba.

Za ka kuma ji wasu suna cewa kimiyya ta nuna abu na iya fitowa daga babu. Ka tambaye su wace irin babu. Idan ka bi diddigi za ka tarar "babun" tasu tana da ƙarfi a cikinta, tana da dokokin da take bi. Abin da ke da dokoki kuwa ai akwai ne aka canja masa suna.

"TO SHI KUMA WA YA HALICCE SHI?"

Wannan ita ce tambayar ɗan dattijon nan, kuma ita ce Bertrand Russell, masanin falsafa na Ingila, ya kafa hujja da ita a wata lacca da ya yi a Landan a 1927. Ya ce idan komai sai da sababi, to Allah ma sai da sababi.

Ka lura da kyau, ba mu ce komai yana da mai yinsa ba. Cewa muka yi duk fararre, watau abin da babu ta gabace shi. Tambayar wa ya farar da wanda bai faru ba, kamar tambayar wa ya haifi wanda ba a haifa ba ce. Sai dai mai musu yana iya cewa, "Ai kun zaɓi inda kuke so ne kuka tsaya. Me zai hana jerin ya ci gaba ba iyaka?" Wannan tambaya ce mai kyau, ga amsarta da misali.

A ce yunwa ta kama ka, ka je wajen maƙwabcinka rancen mudun gero. Ya ce ba shi da shi, amma bari ya ranto maka wajen wane. Wane ma ya ce bari ya ranto wajen wane. Idan duk garin haka suke, har garuruwan da ke gaba, ba ko mutum ɗaya mai rumbu, kowa mai rance ne, yaushe gero zai iso hannunka? Har abada ba zai iso ba. Yawan masu rance ba ya haifar da ƙwayar gero ɗaya. To amma ga gero a hannunka, kana ma shan fura. Ashe ke nan a can ƙarshen layi akwai mai rumbu, wanda geronsa nasa ne, ba rantowa ya yi ba.

Samuwa ita ce geron. Ni da kai da rana da wata duk rancenta muka yi, domin muna iya kasancewa, muna iya rashin kasancewa. Tunda kuwa ga mu, lalle akwai wanda samuwarsa tasa ce, bai karɓo ta daga kowa ba. Shi malamai ke kira Wajibul Wujudi, wanda samuwarsa wajibi ce. Wanda ya fi shahara da tsara wannan hujja shi ne Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037. Gaskiya ne Gazali ya yi wa masu falsafa irinsa raddi mai tsanani a kan mas'aloli uku: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Ba mu bin sa a waɗannan. Amma wannan hujja tana da wani amfani: ko da mai musu ya nace cewa duniya ba ta da farko, bai tsira ba, domin daɗewar rance ba ta mai da shi mallaka.

Da aka yi muhawara da Russell a rediyon BBC a 1948, aka matsa masa a wannan wuri, abin da ya koma gare shi shi ne duniya dai tana nan kawai, ba ta bukatar bayani. Ka ga ashe kowa yana da inda yake tsayawa. Shi ya tsaya a kan duniya mai canjawa, mai sassa, wadda taurarinta ke haihuwa suna mutuwa. Mu muka tsaya ga wanda ba Ya canjawa, ba Ya bukata. Sai ka auna da hankalinka wace matsaya ta fi cancanta.

HUJJA TA BIYU: TSARI YANA NUNA MAI TSARAWA

An ruwaito cewa wasu Dahriyya, masu cewa zamani ne kawai ke juya al'amura, sun zo muhawara da Imamu Abu Hanifa. Ya ba su labarin jirgin ruwa da ke loda kaya da kansa, ya ƙetare kogi da kansa, ya sauke da kansa, ba matuƙi. Suka ce wannan ba ya yiwuwa. Sai ya nuna musu cewa abin da suka ƙi yarda da shi ga jirgi ɗaya, shi suke da'awa ga duniya baki ɗaya. Ibnu Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya ce irin wannan ita ce hanyar Alƙur'ani: duban yadda aka ƙaga halittu, da yadda aka daidaita dare da rana da ruwa da ƙasa da rayuwar ɗan Adam. A Ingila ma William Paley ya kawo misalin agogon da aka tsinta a fili, a littafinsa na 1802.

Masu musu suna da amsa biyu a nan, kuma wajibi ne ka san su.

Ta farko ta Darwin ce, a littafinsa na 1859. Ya ce dacewar da ake gani a jikin halittu tana samuwa ne a hankali: 'ya'ya suna bambanta, wanda ya fi dacewa da wurinsa ya rayu ya hayayyafa, har bayan zamani mai tsawo siffa ta canja. Idan za ka yi magana a kansa, ka faɗi abin da ya ce, kada ka ce ya ce birin da ke kan bishiya shi ne kakanka. Cewa ya yi asali ɗaya suka haɗa. Mu dai game da Annabi Adamu muna kan abin da wahayi ya faɗa. Amma a batun samuwar Mahalicci, ko da an sallama wa Darwin, bayanin yadda abu ke aiki ba ya kore wanda ya yi shi. Wanda ya gane yadda injin niƙa ke juyawa, bel yana jan dutse, bai tabbatar da cewa ba maƙeri ba. Kuma maganar Darwin tana farawa ne bayan an riga an sami rai mai hayayyafa, da duniya mai dokoki tsayayyu. Wa ya ajiye dokokin? Don me ruwa yake tafasa yau kamar yadda ya tafasa jiya, har mutum ya iya lissafa ranar da za a yi husufi shekaru kafin ta zo?

Ta biyu ta David Hume ce, mutumin Sikotilan da ya mutu a 1776. Ya ce ko an yarda tsari yana nuna mai tsarawa, bai nuna guda ɗaya ne ba, ai gida ma magina da yawa ke gina shi. A nan sai mu ce dubi tsarin da kansa. Dokar da ke jawo mangwaro ƙasa ita ce ke riƙe da wata a hanyarsa. Sinadaran da ke cikin jikinka su ne ake gani a hasken taurari masu nisa. Mulki ɗaya ne ko'ina. Suratul Anbiya aya ta 22 ta yi nuni da cewa yawan alloli ɓaci zai jawo wa sama da ƙasa, Bahaushe ma ya san ba a sarki biyu a gari ɗaya.

KA GUJI RUƁAƁƁIYAR HUJJA

Ya ɗan'uwa, wallahi ɓarnar da wasu masu kare addini suke yi da ƙarya ta fi ta masu musu. Ka sha jin ana cewa da duniya za ta matsa kusa da rana da taku ɗaya da mun ƙone. Wannan ba gaskiya ba ne. Kowace shekara nisanmu da rana yana sauyawa daga wajen kilomita miliyan 147 a watan Janairu zuwa miliyan 152 a watan Yuli. Lokacin da muka fi kusa da ita ma shi ne lokacin da muke rawar ɗari a hunturu. Haka labarin cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969 ya musulunta; an ƙaryata shi tun da daɗewa, da yawun mutumin kansa.

Yi tunanin yaron da aka gina wa imani a kan irin waɗannan. Ranar da malamin kimiyya ya rusa masa su a aji, zai zaci addinin ne aka rusa. Gaskiya ba ta bukatar a tallafe ta da ƙarya. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka yaɗa shi, ko da ya yi daɗin ji. Idan aka yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce sai na tambayi malamai. Imamu Malik da girmansa ya sha cewa bai sani ba.

IDAN AKWAI ALLAH, DON ME AKE WAHALA?

Sau da yawa wanda ke ja da kai ba Hume ne ya dame shi ba. Mahaifiyarsa ce ta rasu a hannunsa don babu kuɗin magani, ko 'yan bindiga ne suka kashe ɗan'uwansa, ya ga azzalumai suna yawo lafiya. Irin wannan mutum ta'aziyya yake bukata kafin muhawara. Ka zauna da shi, ka saurare shi.

In hankalinsa ya kwanta, sai ka nuna masa cewa wahala ba ta goge hujjojin da suka gabata ba. Tambaya ce game da hikimar Mahalicci, ba game da samuwarsa ba. Ba a taɓa yi mana alkawarin duniya gidan hutu ce ba, Annabi da kansa ya rasa 'ya'yansa shida cikin bakwai. Mafi yawan abin da ke sa mu kuka kuma aikin hannun mutane ne da aka ba su zaɓi, za a kuwa tambaye su. Sannan ka tambaye shi a hankali: in babu Allah, babu hisabi, wa zai bi wa ɗan'uwan nasa haƙƙinsa? Kore Mahalicci bai rage zafin ko kaɗan ba, sai dai ya tafi da ranar sakayya. Ba mu da'awar mun san hikimar kowace musiba, kuma kada ka yi wa kowa wannan da'awa.

INDA HUJJA TA TSAYA

Kuskure biyu ne a wannan babi. Na farko shi ne na dattijon nan, hana tambaya. Na biyu shi ne mutum ya koyi hujja biyu uku, sai ya fara raina imanin kakarsa da ba ta san su ba. Wannan ya taɓa faruwa a ƙasar nan. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, an sami wasu ɗalibai da suka karanta ilmin kalam, suka riƙa tare talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa kawo dalili irin nasu su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce masu yawa, ya kare imanin gama-garin mutane. Ibnu Taimiyya ma, wanda ya rasu a 1328, ya yi bayanin cewa sanin Mahalicci dasasshe ne a fiɗirar ɗan Adam, hujja tana zuwa ne ta share ƙurar da ta rufe shi. Mai lafiya ba a tilasta masa shan magani.

Kuma ka sani, iyakar inda waɗannan hujjoji za su kai ka shi ne akwai Mahalicci guda, marar farko, mai iko, mai ilmi. Ba za su gaya maka raka'a nawa ce azahar ba, ko me ke bayan kabari. Wannan sai ta bakin Manzo. Kuraishawa ma sun yarda Allah ne Ya halicce su, kamar yadda Suratuz Zukhruf aya ta 87 ta nuna, amma hakan bai fitar da su daga shirka ba, domin sun kira wasu tare da Shi. Saboda haka wanda ya ci muhawara a majalisa, ya kwana bai yi asuba ba, me ya ci?

Nasihata gare ka ita ce ka nemi ilmi wajen malamai, ka fara da Alƙur'ani da ma'anarsa kafin ka faɗa littattafan falsafa. Kada ka shiga musun da ba ka shirya masa ba don a ce ka iya. In ka shiga, ka yi adalci, ka faɗi maganar abokin muhawararka yadda shi kansa zai yarda haka ya ce, kuma ka yi ta hanya mafi kyau kamar yadda Suratun Nahli aya ta 125 ta yi umurni. Shiriya ba a hannunka take ba, isarwa ce taka.

Shi kuwa dattijon nan, na roƙe shi ya koma gida ya kira ɗansa, ya ba shi haƙuri a kan marin, ya ce masa ya sake yin tambayar. In kana da ƙane ko aboki irin wannan yaro, kai ma abin da nake roƙonka ke nan.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, Ya shiryi 'ya'yanmu da ƙannenmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.